Sawun da Inna ta Ɗiba

Mu mutanen Damagaram ba mu saba da tudu ba. Duwatsun cikin Birni da muke alfahari da su, akuya ma tana hawa ta sauko kafin ka gama alwala. Shi ya sa ranar da ƙanena ya zauna a kan tabarmar falona a unguwar Al Khabaisi, nan Dubai, ya ce hutun bana ba gida za shi ba, Nepal za shi, can saman duwatsu, sai na ajiye ludayi na dube shi da kyau, ko rana ce ta taɓa masa kai.

Shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke ce masa, duk da ya haura talatin har da 'yar furfura a gemu. Aikinsa wanke gilashin dogayen benayen Dubai. Daga can ƙololuwa ake ɗaure shi da igiya a zuro shi, ya wuni yana lilo da bokiti a ƙugu. Ni ce 'yar fari, ina da shagon jakunkuna da takalma a Naif, kuma tun da ya kama aikin nan na daina ɗaga kai in kalli bene. A Sonapur yake kwana, a gidajen ma'aikata, amma duk ranar hutu yana zuwa wurina cin tuwo, shi da abokin igiyarsa.

Abokin nan ɗan Nepal ne, gajere, mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Sun yi shekaru suna saukowa bene ɗaya gefe da gefe, kowa na duba ƙullin igiyar ɗan'uwansa kafin a zuro su. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, sauran kuwa da guntun Larabci da guntun Turanci muke lallaɓawa. Takalmansu iri ɗaya ne, baƙin nan mai ƙarfe a baki da kamfani ke rabawa, kuma lamba ɗaya, don gajeren yana da ƙafa kamar faranti. Kullum in za su tafi sai ya tsuguna a bakin ƙofata ya kifa takalman yana dubawa. Na taɓa tambayarsa me yake nema. Ya nuna mini: wuƙa ya sa ya tsaga dunduniyar nasa, tsaga mai zurfi, saboda a Sonapur takalma tuli suke yi a ƙofar ɗaki, duk kama ɗaya, kowa ya fito ya zura wanda ya samu. Na yi dariya, na shiga wata sabgar.

A wannan shekarar Innarmu tana wurina. Ciwon yana ya rufe mata ido biyu, na kawo ta a yi mata aiki, likita kuma ya ce sai sukarinta ya sauka tukuna, abin da ya ja mu watanni. Tana ganin haske da inuwa kawai, amma tana gane mutum da takunsa tun daga matakala. Ita ta raɗa wa abokin Auta "ɗan tudu", ta kuma riƙe shi kamar nata. Tana lalubo cinyar kaza daga kwanonta ta tura masa, shi kuwa ya haɗa tafin hannu biyu ya sunkuyar da kai ya ce mata Mama.

Ɗan tudun ne ya kawo maganar tafiyar. Kwantiraginsa ya ƙare, ya ce ba zai sabunta ba. Ubansa ya rasu, uwarsa ta tsufa ita kaɗai a ƙauye, gonakinsu da aka sassaƙa a jikin dutse ciyawa na cinye su. Ya rabar da fankarsa da tukunyar shinkafarsa, ya sa aka soke masa biza. Ya kaɗe hannu a gabanmu ya ce Dubai khalas, wato ya gama da ita, ko gawarsa ba za ta sake zuwa ba. Abin da ya roƙa ɗaya ne, Auta ya raka shi ya ga garinsu, ya yi hutunsa na wata guda a can ya dawo.

Na yi faɗa iya yina. Na ce masa mutane na zuwa hutu su huta, kai za ka biya jirgi ka je ka hau dutse, bayan hawan da kake yi kullum. Na ce ga Inna ba ido, ga danginmu a gida suna jiran ganinka. Yana ta murmushi yana sa loma. Ya ce, Yaya, a can sama in yana rataye, in ya dubi gabas ba ya ganin komai sai hazo, kullum abokinsa na ce masa bayan hazon nan akwai duwatsun da gajimare ke kwana a ƙasansu, shi dai yana so ya gani da idonsa sau ɗaya. Na san Auta. In ya fara magana a hankali haka, an riga an gama.

Tun da ba zan iya hana shi ba, sai na ɗauki shirin tafiyar na ɗora wa kaina. Ɗan tudu ya kifa kwanonina a kan tabarma, ƙarami kusa da babba, ya nuna mana hanya da cokali. Jirgi zai sauke su a babban birni. Daga nan mota za ta yi ta hawa da su har inda hanya ta ƙare, sauran kuma da ƙafa, kwanaki. Ya ce lokacin da ya dace shi ne bayan ruwan sama ya ɗauke, kafin sanyi ya rufe hanya, a nan ne sama ke wankewa a ga komai. Ya ce dutse ba ya son gaggawa, don iska tana ƙaranci a sama, mai ƙarfi ma yana faɗuwa in ya yi sauri. In kun hau da rana, ku ɗan sauko ku kwana a ƙasa da inda kuka kai. A sha ruwa da yawa, a sha romon tafarnuwa. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ba a jayayya, a juya a sauko. Na sa ya maimaita wannan na ƙarshen, na kuma maimaita wa Auta da Hausa, da ƙarfi.

Neman kayan sanyi a Naif ana tsakiyar zafi wani abin kallo ne. Ina tafe gumi na bin bayana, ina shiga lungu ina fita ina tambayar rigar da za ta tare ƙanƙara, masu shaguna na dubana kamar na zare. A ƙarshe na samo masa jibgegiyar riga, da hular ulu, da safar hannu, da safar ƙafa masu kauri har ban san iyaka ba, don Auta tun yana yaro ƙafarsa ke fara yin sanyi. Na ƙulla masa kilishi da dabino da yaji. Na so in haɗa masa da takalmin hawan dutse, ɗan tudu ya hana. Ya ce sabon takalmi yana cin ƙafa, na aikinsu ya riga ya saba da su, shi za su sa tun daga gida don kada ya cika jaka. Shi kuwa Auta damuwarsa alƙibla da alwala, har ya je ya tambayi wani malami hukuncin taimama in ruwa ya daskare.

Duk wannan hidima Inna tana zaune a gefe da carbinta, fuskarta na bin muryoyinmu. Sai ana gobe tafiya da la'asar ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, kunyar ɗan fari, "ke" take ce mini. Ta ce in samo mata farin ƙyalle, sannan ta tambaye ni ko akwai ƙasa a garin nan. Na ce, Inna, Dubai ai gaba ɗayanta rairayi ce. Ta ce ita dai tun da ta zo ba ta taka komai ba sai tayil da kwalta. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga gaskiyarta.

Na san abin da take nufi, don na ga kakarmu ta yi. In ɗa zai yi tafiya mai nisa, uwa ce ke jira ya juya baya, ba tare da ya sani ba, ta ɗebi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama a bakin gidan da take so ya dawo. Da hannunta za ta ɗiba, ba a aike. Ta ƙulle a ƙyalle ta adana, kullum da safe ta kira shi a bakin ƙullin. In ya dawo, a zuba ƙasar a bakin ƙofa ya taka, shi ke nan. Haka aka yi wa fatakenmu, haka aka yi wa waɗanda suka tafi Makka a ƙafa. Na ce mata wannan camfi ne, malamai sun hana, kuma nan ba Damagaram ba ce.

Ta ce, "Ni ban kai wa boka ba. Ɗana zan kira, da bakina."

Gefen benenmu akwai wani fili da ba a gina ba, rairayi ne zalla, ana ajiye motoci a ciki. Da hantsi na sa mai tasi ya tsaya a can ƙarshen filin, don dole su ratsa. Suka sauko da jakunkunansu, suka durƙusa Inna ta dafa kan kowannensu ta yi addu'a, suka tafi gefe da gefe yadda suka saba. Motar na shan kwana Inna ta zube a kan gwiwoyinta ta fara lalube. Kunya ta kama ni. Mai gadin bene ya fito yana kallo, wasu ma'aikata da ke jiran bas sun juyo, ga tsohuwa baƙar fata tana shafa ƙasa. Na juya baya na ciro waya kamar ina amsa kira. Da na waiwayo har ta ƙulle ƙyallen.

Muna hawa matakala ta ce mini, "Kina sayar da takalma, ƙanenki na yawo da tsagaggiyar dunduniya."

Na ce to, in ya dawo zan ba shi sabo. Hankalina na kan shago, rana ta yi, akwai masu sari da ke jirana.

Kwanakin farko saƙonnin Auta sun yi ta shigowa kamar ruwa. Ya turo gadar waya mai lilo a kan wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa, alfadarai na ratsawa da ƙararrawa a wuya. Ya turo wasu shanu masu dogon gashi har ƙasa. Ya turo ƙyallaye masu launi da aka jera a igiya iska na kaɗawa. Ya ce shinkafa da romon ƙananan wake ake ci safe da yamma, ba ta ƙarewa, in ka cinye a ƙara maka. Ya ce an ba shi shayi da gishiri da man shanu, ya sha don kunya. Ya ce da asuba kan dutsen yana yin ja tun ƙasa na cikin duhu, ya tsaya yana kallo har ya kusa makara salla. Ina kwatanta wa Inna hotunan, tana gyaɗa kai, tana tambaya ko ya sa safa.

Daga nan sai shiru. Na kira, ba ta shiga. Na ce wa Inna can ba sabis, ni kuwa na ci gaba da kira. Da ƙyar ɗan tudu ya same ni, muryarsa na yankewa. Ya ce sun isa ƙauye, amma ciwon dutse ya kama Auta a hawan ƙarshe, kai na sara, numfashi na gajarta, ba ya gane mutane sosai. Sun sauko da shi ƙasa kaɗan ya kwana biyu, yanzu yana gidansu, uwar ɗan tudun na jinyarsa. Ya ce kada in damu, ya fara cin abinci. Na zauna a kan kwalin takalma a bayan shago na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na koma gaban kanta.

Ƙullin nan Inna ta sa shi a 'yar langa mai murfi, ta tura ƙarƙashin gadonta. Kullum in ta sallame asuba sai ta jawo ta, ta buɗe, ta kai bakinta dab da ƙyallen, ta ce, "Auta, dawo gida." Ba da ƙarfi ba, ba kuma da kuka ba. Irin muryar da take kiranmu da ita muna yara in magariba ta yi muna waje. Ina kan sallayata a ɗaya ɗakin nake ji, kuma ban taɓa ji ba tsigar jikina ba ta tashi ba.

Wata rana ina shara na jawo langar. Sanyinta ya ratsa mini yatsu. Na ce na'urar sanyi ce ke bugunta, na ɗauke ta na kai tagar kicin inda rana ke duka, na bar ta har azahar. Da na dawo murfin ya yi zafi, amma ƙullin da ke ciki yana nan da sanyinsa, har da danshi a gindin langar. Na kai hanci, na ji ƙaurin hayaƙin itace. A gidana da gas ake girki, kuma duk unguwar ba mai hura itace. Na mayar da ita inda take, na wanke hannu, ban gaya wa kowa ba.

Wata ya cika, Auta bai dawo ba. Ya ce sai ya ƙara jin ƙarfi. Aka ƙara mako, aka ƙara wani. Kamfani suka kira ni, don lambata ya ba su, na ba su haƙuri har haƙurin ya ƙare suka sa wani a igiyarsa. Ranar da na same shi ta bidiyo, yana zaune lulluɓe da bargo, ya murmure, fuskarsa ta yi fes. A bayansa wata 'yar tsohuwa mai zobe a hanci tana tura itace a murhu. Ya nuna mini kusurwar da ta ware masa ta shimfiɗa fata don salla. Ya ce ba ta sa masa nama sai wanda ya yanka da kansa. Bai tambayi Inna ba, bai tambayi aikin idon ba, Auta da ko tari Inna ta yi sai ya bugo sau uku. Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na tuna masa aikinsa, da bizarsa, da uwar da ta haife shi. Ya saurara har na gama, ba fushi ba kunya.

Ya ce, "Yaya, ban san yadda zan gaya miki ba. Ina son in ji ina kewar gida, ina nema a raina, ba na samu. Nan ba abin da ke kira na."

Ni da na san abin da ake yi kowace asuba a ɗakin da ke kusa da nawa, sai na kashe wayar.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta fara jin taku. Da rana tsaka, lokacin da bene ke yin tsit kowa ya tafi aiki, sai ta ce wani na hawowa, ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Na ce maƙwabta ne. Wata Juma'a ina gida ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ni ban ji komai ba sai ƙugin firji. Ta ce ga shi nan ya iso. Na tashi da zafin rai na finciko ƙofa, ba kowa, matakala fayau har ƙasa. Da na juyo na ga ba murna a fuskarta. Ta ce abin da ke damunta, takun ba na Auta ba ne. Auta dogo ne, yana tsallake matakala. Wannan ɗaya bayan ɗaya yake hawa, kamar mai ɗauke da kaya.

Sukari ya sauka, aka yi aikin ido, ɗaya sannan ɗayan. Ranar da aka cire mata bandeji na ƙarshe ta dube ni ta ce ashe na tsufa, muka yi dariya mu biyu. Daga nan ta ce a kira mata Auta ta gan shi. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata barka, ya ce Allah ya ƙara lafiya, irin gaisuwar da ake yi wa uwar aboki. Ta daɗe tana kallon allon bayan ya ɗauke. Abin da ta ce kawai, ya yi ƙiba.

Sanyin Dubai ya shigo, irin wanda mu ke sa wa rigar sanyi baƙi na yi mana dariya. Wata rana da azahar na dawo cin abinci, Inna ta ɗaga kai ta ce ga shi nan kuma. Wannan karon ni ma na ji. Ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har bakin ƙofa. Aka ƙwanƙwasa.

Ɗan tudu ne, shi kaɗai. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa ciki. Daga filin jirgi ya yo nan kai tsaye, da bizar ziyara, ba aiki ba masauki. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya shigo ya zauna a inda ya saba. Na zuba masa abinci, bai taɓa ba. Na fara da tambayar Auta, ya ce lafiyarsa ƙalau, shi ke faskaren itace, shi ya gyara rufin ɗakin awaki, mutanen ƙauye sun saba da shi. Sai na tambaye shi, to kai me ya dawo da kai, kai da ka ce ko gawarka.

Da guntayen kalmomi ya ba ni amsa, ina juya wa Inna. Ya ce tun daren farko a ɗakin uwarsa bai yi barcin kirki ba. Tafin ƙafarsa ta dama ke zafi kamar ya taka kwalta da rana, ko a cikin ƙanƙara ya sa ta. In ya fita gona sai ya tsinci kansa a kan hanyar gangara, bai san lokacin da ya ajiye fartanya ba. Uwarsa ta kai shi wurin masu addu'arsu, ba ta canja ba. Kuma kowace safiya, gari ya riga ya waye a can, yana tsakiyar aiki, sai ya ji muryar tsohuwa daga ƙetaren kwazazzabo, inda ba gida ko ɗaya. Ya tambayi Auta ko yana ji, Auta ya ce shi iska kawai yake ji. Na ce me muryar ke cewa. Ya juya ya dubi Inna, mutumin da Hausarsa ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba, ya faɗa da irin saukar muryarta.

"Auta, dawo gida."

Na sha gaya wa kaina cewa mutane da yawa suna rantsuwa sun bar Dubai su dawo, ƙauye yana yi wa wanda ya daɗe a birni ƙunci. Wannan na yarda da shi. Kalmomin nan uku ne ban san inda zan ajiye su ba, don bai taɓa kwana a gidana ba, kuma sai da suka tafi aka fara faɗinsu.

Inna ta miƙe. Ta je bakin ƙofa ta ɗauki takalminsa na dama ta kifa. Da sababbin idanunta ta dube shi, amma ba su ta yarda da su ba. Ta runtse su, ta bi dunduniyar da babban yatsa har ya faɗa cikin tsagar. A lokacin ne maganar da ta yi mini a matakala ta dawo mini. Ita kuwa ta ajiye takalmin a hankali kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su.

Ta shiga ɗaki ta fito da langar. Na zaci za ta zuba ƙasar a bakin ƙofa ya taka, yadda ake yi. Ta ce a'a, in ya taka ta a nan, nan ya zama gidansa, uwarsa kuma ta rasa shi. Ta ciro ƙullin ta sa masa a tafin hannu ta rufe da nata. Ta ce in gaya masa ya kai ƙofar uwarsa ya zuba ya taka, kuma ya yafe mata, ba da gangan ta raba shi da ita ba. Da na faɗa masa, ya ɗora goshinsa a kan hannunta.

Sai ta roƙi abin da ita kanta ta san ba a yi. Ta ce in ya isa, ya ɗebo mata sawun Auta ya aiko, ko ta jirgin kaya ne. Na juya masa maganar. Ya girgiza kai. Ya ce yanzu a can ba ƙasa, dusar ƙanƙara ta rufe komai har gwiwa, in ka ɗebi sawu kafin ka shiga ɗaki ya zama ruwa. Ban so in fassara ba, amma ta riga ta gani a fuskarsa. Ta gyaɗa kai, ta zauna, ta jawo kwanon abincin ta tura gabansa.

Ta ce, "To ka gaya wa uwarka, in zai kwanta a rufe masa ƙafa. Ba ya faɗa, amma ta nan sanyi ke shigarsa."

Ɗan tudu ya kwana biyu a wurin 'yan garinsu a Sonapur, ya koma. Bayan ya isa ya aiko mini cewa yana barci har sai an tashe shi. Auta yana can har yanzu. Lokacin baƙi yana raka masu hawan dutse, yana ɗaura musu igiya, yadda yake yi da takardunsa kuwa shi ya sani. Yana kira da Salla, yana gaishe mu da kyau. Ina kewarsa har raina na ɓaci, kuma na daina yi masa faɗa don ba ya kama shi.

Inna ta koma Damagaram da idanunta garau. Da na je gida bara, na tarar ta sa an kawo rairayi mai laushi an zuba a ƙofar zaure. Kullum da safe tana fitowa ta share shi, ta lailaye da tafin hannu, mu kuma ta ƙofar baya muke shiga da fita, har baƙi. Na tambaye ta har yaushe za a yi haka. Ta ce ai ko Auta bai yi kewa ba, wata rana zai zo, ko da ta'aziyyar wani ce, ko na wuni ɗaya. Ta ce wannan karon tana gani.